Abin da Ƙanƙara Ta Rubuta

Ni ne Veikko, mai gyaran filin hoki
a wani gari can arewacin Finland,
inda ranar Disamba kan leƙo
kamar baƙon da ya ɓata gida, ta juya.

Shekara ashirin da shida ina tuƙa motar nan,
tana kankare tabo, tana zuba ruwan ɗumi.
Kafin in shafe, nakan karanta.
Wuƙar da ke ƙasan takalmi ba ta iya ƙarya ba.

A zamanin Koci Raimo
layukan miƙaƙƙu ne sambal, kamar an ja da zare.
Usur ɗaya, yara ashirin su tsaya cak.
Wanda baƙin faifan roba ya kuɓuce wa
zai zaga fili sau goma,
ya dawo tururi na tashi daga wuyansa.
Mun ɗauki kofi biyu, ban musa ba.
Amma na ga Eelis, ɗan shekara sha shida,
mai hannu kamar na tela,
ya koyi duban benci kafin ya dubi raga.
Sawunsa ya yi ta raɓewa jikin katanga,
mako bayan mako,
har ranar da na tsinci sandarsa a kwandon shara,
ko tsagewa babu.
Yanzu taya yake sayarwa a Kajaani.
In mun haɗu, zancen sanyi muke yi.

Sai aka kawo Marjatta.
Usur ɗinta a aljihu yake kwana.
In yaro ya yi kuskure takan matso ta ce,
"Me ka gani a wurin?"
ta kuma jira amsa, ko da za a kwana.
Filin ya cika da lanƙwasa da kwana-kwana,
rubutun yaron da aka ba alƙalami yau,
da shatar gwiwa inda aka faɗi aka tashi.
Wasa bakwai a jere muka sha kashi.
Dattawan da ke kurɓar gahawa a saman bene
suka ce ai ga irinta nan.

Akwai Aatu, wanda ya biyo ta hannun su biyun.
Daren da wani mutum ya ƙetaro teku
da ɗan littafi a hannu, don ya gan shi,
kansa ya bugu da katanga a zagayen farko.
Ya miƙe yana dariya, idanunsa na yawo.
Marjatta ta ɗaga yatsu, ta tambaye shi nawa ne.
Ta ce ya cire kwalkwali ya zauna.
Baƙon ya duba agogo, ya rufe littafi.
Uban yaron ya tare ta wajen ajiye motoci,
na ji muryarsa ta cikin ƙofa biyu:
shekara goma na tashin asuba,
bashin banki, man mota, duk a banza.
Ba ta ce uffan ba. Tana kankare gilashin motarta.

Da ƙanƙarar kogi ta narke, aka sallame ta.

Bayan shekara biyu Aatu ya tafi Kanada.
Na gan shi a talabijin, riga ta yi masa yawa,
ya gode wa mahaifinsa, ya gode wa garinmu.
Sunan kowa bai biyo baya ba.

Bana ya zo hutu, ya roƙi awa ɗaya shi kaɗai.
Da ya fita na sauko da fitila.
Ga birki nan, kaifi ɗaya, na Raimo ne sak.
Ga wani juyi a bayan raga,
wanda ba mai yin sa sai wanda bai tsoron faɗuwa.
Wannan na san mai shi.
Na nemi sawun Eelis a ciki, don wauta irin ta tsufa.

Ƙananan yara na buga ƙofa da sanduna.
Na bar su suka jira minti goma
kafin in tada injin.